Ranar da Muka Gwada Jif Ni da Surukina

Shekarar da babbar 'yarmu ta shiga sakandare na fara maganar sayen jif. Ni malamin labarin ƙasa ne. Na daɗe ina tsayawa gaban allo ina zana wa 'ya'yan mutane duwatsu da ƙoramu, alhali nawa 'ya'yan, mata uku, ba su san ko'ina ba sai unguwarmu da ke bayan GRA da hanyar makaranta. Wata rana aka ba ta tsakiyar aikin gida ta zana itatuwa biyar na ƙasarmu, sai ta zo tana tambayata ko gawo cinsa ake yi kamar mangwaro. Na yi dariya a lokacin, amma abin ya tsaya mini a rai. Ina kamarta nakan bi kakana gona lokacin girbi, mu yi kwana uku ko huɗu a bukka, mu gasa gyaɗa, mu sha ruwan tulu.

Gonar tana nan har yanzu, gabas da gari, kusa da wata madatsar ruwa. Matsalar ita ce hanya. Zuwan ƙarshe da na yi da ƙaramar motata, a wani kwazazzabo na baro salansa, na dawo gari ina ƙara kamar injin niƙa.

Da na gaya wa matata abin da nake so, tana ninke kayan aikinta na asibiti, don ita ma'aikaciyar jinya ce. Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube ni.

"Malam, tun da ka yi gemu ka taɓa kwana a daji?"

"Ai shi ya sa nake so in koma."

"Da mu?"

"Da ku duka. Tanti, tabarma, gidan sauro, komai."

Na zaci za ta ƙi. Sai ta ce ita ma ta gaji da hutun da ke ƙarewa a falo, kowa da waya a hannu. Amma ta kafa sharaɗi ɗaya: ba zan sayi ko taya ba sai Baba ya gani.

Baba mahaifinta ne. Shekara talatin ya yi yana tuƙa likitocin dabbobi zuwa rugage don yi wa shanu allura, kuma duk a irin waɗannan motocin. Babu wanda ya fi shi cancanta, wannan na sani. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne, tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama da shi fiye da minti goma ba. Nakan je gidansa a Gobarau, in cire takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa, mu gaisa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya zafi, yaya yaran. Idanuna na kan tabarma, nasa na kan carbi. In an kawo ruwa ba na sha, in an kawo abinci sai in ce yanzu na tashi daga kan nawa. Daga nan in yi sallama. Haka muka yi shekara goma sha huɗu, kuma kowa ya gamsu. Yanzu ga shi za a rufe mu a mota ɗaya.

Matata ce ta kai masa maganar. Washegari da safe ya aiko a ce mini ranar Asabar in zo da wuri.

Na same shi a ƙofar gida ya riga ya shirya. Farar riga, hula, sandarsa a hannun dama, a hagu kuma wata tsohuwar jakar fata da darduma a naɗe. Na buɗe masa ƙofar baya saboda girmamawa, ya wuce ya buɗe ta gaba ya zauna. Har muka isa wurin dillalin farko babu wanda ya ce uffan, in ban da sau ɗaya da ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kana barin ƙafa bisa kuloci."

A wurin dillalin na ga motar da na tabbata ita zan saya. Baƙa ce, tana ƙyalli, kujerun fata, ga na'urar sanyaya ciki, ga allo a gaba. Dillalin ya ce ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba. Na zauna a kujerar direba na riƙe sitiyari, har na fara ganin kaina a bakin madatsar ruwa. Baba ya cire rigarsa ya miƙo mini, ya shimfiɗa darduma a ƙasa, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Ni da dillali muka tsaya muna kallon ƙafafunsa. Da ya fito sai ya buɗe ƙofar baya, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya fito da yatsunsa ɗauke da busasshen laka. Ya sansana, ya nuna mini.

"Wagga ta sha ruwa har wuya," in ji shi. "Inda ta fito ambaliya ta ci ta. Wata shida za ta yi maka biyayya, daga nan wayoyinta su fara hauka."

Dillali ya fara rantse-rantse. Baba ya karɓi rigarsa, ya yi masa godiya da fatan alheri, muka fita. Mun ga wasu biyu kafin hantsi ya yi nisa. Ɗaya an yi mata walda a ƙashin bayanta, ɗaya kuma injinta yana shan baƙin mai.

Sai Baba ya ce mu nufi Ƙofar Guga. Akwai wata Hajiya, matar wani abokinsa da ya rasu shekara biyu da suka wuce. Mutumin haƙa rijiyoyi yake yi a ƙauyuka, kuma motarsa tana ajiye tun ranar da ya kwanta ciwo.

Da aka yaye tamfol ɗin da aka rufe ta da shi a gindin darbejiya, sai ga wata tsohuwar jif. Launinta ya koɗe, tsakanin fari da ruwan ƙasa. Tayoyi biyu sun sace. A saman rufin an yi mata wani ƙarfen ɗaukar kaya irin na maƙera. Da na leƙa baya, wata jar kaza ta zuba mini ido daga kan ƙwai tara.

Hajiya ta fito da kujerarta ta zauna a inuwa. Tsohuwa ce mai fara'a da saurin magana. Bayan sun gama gaisawa da Baba, sun yi wa mamaci addu'a, ta dube ni ta ce, "Wannan ne mijin 'yar taka? Ai kuwa fuskarsa ta nuna bai so ta ba."

Na ce, "A'a Hajiya, ina dai dubawa ne."

"Duba da kyau. Mai ita ya fi son ta da ni, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ita ke dawo mini da shi gida."

Aka kira mai faci ya ba tayoyin iska. Muka ciro batirin motata muka sa mata. Karo na farko ta yi tari, na biyu ta yi shiru, na uku ta tashi da baƙin hayaƙi har kazar ta yi tsalle ta fito ta taga. Bayan ɗan lokaci hayaƙin ya washe. Baba ya ciro dogon sukudireba daga jakarsa, ya kafa bakin a jikin injin, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya rufe ido. Ya matsa gaba ya sake, ya zagaya ɗaya gefen ya sake. Ya fi minti biyar yana haka. Da ya miƙe na ga abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, wato murmushi har haƙora.

Hajiya ta miƙo makulli. "Ku tafi da ita ku gwada yadda kuke so. Amma ku bar mini ƙwaina." Muka kwashe su a hankali cikin kwando, kazar tana biye da mu tana faɗa.

Na ce mu zagaya cikin gari. Baba ya ce irin wannan ba a gwada ta a kan kwalta. Ya jingine sandarsa a baya, ya hau kujerar direba. Mutumin da nake gani yana takawa a hankali zuwa masallaci sai ga shi ya miƙe zaune kamar soja, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a giya. Muna fita gari ta hanyar Daura bakinsa ya buɗe. Ya nuna mini inda a da ake ratsewa zuwa wata ruga, da inda wata gada ta taɓa karyewa suka yi kwana biyu a gefe guda suna cin rogo. Ya ba ni labarin wani likita da ke tsoron shanu, wanda yakan tsaya a kan rufin mota yana ba da umarni. Na yi dariya da ƙarfi, sannan na tuna gaban wanda nake, na haɗiye sauran.

Bayan tafiyar kusan rabin awa ya sauka daga kwalta, muka bi wata hanyar amalanke tsakanin gonaki. Lokacin bazara ne, ƙasa ta bushe, zafi kamar a bakin tanda. Muka iso wata ƙorama mai faɗi, babu ruwa ko ɗigo, sai farin rairayi. Ya tsaya a bakinta ya fito.

"Malam, zo ka ƙetare da mu."

Na zauna na sa giya ta ɗaya, na shiga. Mun yi kamar taku ashirin lafiya lau, sai na ji bayan motar ya fara nutsewa. Na taka totur. Ta ƙara nutsewa. Na ƙara takawa, rairayi yana tashi sama ta bayanmu, injin yana kuka, mu kuma muna nan inda muke. Baba yana zaune, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon gaba. Sai da na gaji na ɗaga ƙafa, gumi ya jiƙa mini riga, sannan ya ce, "Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"To sauko. Da gangan na bar ka. Gara ta yi maka nan ina kusa, da ta yi maka kana ɗauke da ɗiyata da jikokina."

Ya kai ni wurin tayoyin gaba ya nuna mini wani ɗan makulli a tsakiyar kowace, wanda ake murɗawa da hannu. Ya nuna mini ƙaramar sandar giya da ke gefen babbar, wadda direbobi ke kira ogzilari. Sai an murɗa makullan an ja sandar, sannan tayoyi huɗu suke ja tare. Ni da tayoyin baya kawai na shiga. Daga nan ya ɗauki tsinke ya rage wa kowace taya iska, ya ce taya mai laushi tana shimfiɗuwa a kan rairayi kamar tafin raƙumi. Saura tono. Babu shebur, sai muka durƙusa mu biyu muna yashe rairayi da hannu daga gaban tayoyin baya. Na roƙe shi ya koma inuwa, ya yi kamar bai ji ba. Muka karyo rassan geza muka shimfiɗa. Da na koma ciki, ya tsaya daga gefe yana nuna mini da hannu in taka a hankali, a hankali. Motar ta yi nishi, ta girgiza, ta fito kamar ba ita ba. Na kai ta ɗaya gaɓar na tsaya ina murna kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Azahar ta yi. Muka yi alwala da ruwan jarkar da ya sa na saya a hanya. Na ja baya ina jiran ya wuce gaba, sai ya ce ai ni ne malami, shi direba ne. Na yi ta kaucewa, ya tsaya a inda yake. Haka na ja surukina salla a gindin tsamiya, muryata ƙasa-ƙasa.

Muna idarwa sai ga wata Bafulatana da ƙwarya a ka, tana dawowa daga kasuwar ƙauye. Baba ya yi mata magana da Fulatanci, abin da ban taɓa sanin ya iya ba. Suka daɗe suna gaisawa, ashe ya san rugarsu tun zamanin mahaifinta. Ta sauke ta dama mana ragowar furarta a ƙwarya ɗaya, kuma ludayinta ɗaya ne tak. Baba ya sha uku ya miƙo mini.

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Ban rufe baki ba cikina ya yi wata doguwar ƙara da ko Bafulatanar sai da ta kau da kai. Tun shayin safe ban sa komai a bakina ba.

Baba ya ci gaba da riƙe ludayin a gabana. "Ka ji mi zan hwaɗa maka. Cikin gari ni surukinka ne, kuma na yaba da kunyarka. Amma nan daji ne. Daji babu suruki, direba ne da yaron mota. Kuma ban taɓa barin yaron motata da yunwa ba. Karɓi."

Na karɓa. Da farko na juya gefe ina kurɓa kamar mai shan magani. Zuwa ludayi na huɗu na manta, muna miƙa wa juna har muka ga gindin ƙwarya. Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba, ko da yake na san yunwa ta taimaka.

Da muka koma Ƙofar Guga da la'asar, Baba ya zauna gaban Hajiya ya lissafa mata abin da motar ke buƙata ba tare da ƙari ko ragi ba: tayoyi, lagireto, birkin baya, batir. Ya kuma gaya mata a gabana cewa injin lafiyarsa ƙalau, kada ta bari kowa ya ce mata ba haka ba. Ciniki bai ɗauki lokaci ba. Da za mu tafi ta shafa ƙofar motar, ta ce in mun je daji mu kawo mata kanya in lokacinta ne.

Matata ta fito ƙofar gida ta ga abin da na kawo. Ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Wannan ce?" 'Yan matan kuwa tuni sun haye baya suna rabon kujeru. Autar ta tsinci gashin kaza ta soke a kitsonta.

Damina duka a gyara ta tafi. Baba ya kai ta wurin wani tsohon bakanike abokinsa, kuma kullum da safe sai ya je ya zauna a benci yana sa ido. Ni kuma na kai zanen tanti wurin masu ɗinkin rumfunan biki, suka ɗinka mini guda biyu da koren tamfol, babba na mata, ƙarami namu. Kafin mu sa rana, Baba ya sa muka je mu biyu muka gaida mai garin ƙauyen da ke kusa da gonar. A wannan zamani ba a kwana a waje sai inda aka san ka, kuma aka san da zuwanka. Mai garin ya ce mu kafa tantinmu kusa da masunta, inda ake jin kiran salla daga gari.

Bayan an yanke gero muka tafi, ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci. An ɗaure katifu da tabarmi a kan rufi, tukwane suna ƙara a baya, Baba a gaba kusa da ni da jakarsa ta fata. Kwazazzabon da ya taɓa cinye mini salansa muka wuce shi ba tare da 'yan matan sun daina waƙa ba.

Kafa tanti ne ya ba ni kunya. Ni na zana shi, amma da na gama ɗaurawa na ja baya ina kallo, sai babban ya durƙusa a hankali ya kwanta a kan tukunyar shinkafa. Matata ta karɓi igiyar daga hannuna. Ita da babbar 'yarmu suka sauya wa sanduna wuri, cikin minti goma ya tsaya cak. Baba yana zaune a kan darduma yana kallon ruwa, kafaɗunsa suna motsi.

Kafin magariba masunta suka kawo mana kifi karfasa, matata ta soya a kan murhun duwatsu uku. Ta zuba wa mahaifinta a kwanonsa, ta zuba mini nawa daban ta kai can bayan mota, inda take tsammanin zan ɓuya in ci. Baba ya ce ta dawo da shi ta juye a nasa. Ta tsaya da kwano a hannu tana kallonmu, ni da shi, muna wanke hannu a roba ɗaya.

"Yaushe aka fara wannan?" ta tambaya.

"Zuba mana yaji," in ji Baba.

Da safe sanyin ruwa ya tashe mu. Belbelu sun cika wani itace a tsakiyar madatsar har ya zama fari, kwale-kwale biyu suna dawowa da taru. Na kama hannun 'yata ta tsakiya na kai ta gindin gawo, na fara yi mata bayani yadda yake zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da rani. Ta saurara na ɗan lokaci saboda ladabi, sannan ta ce ko za ta iya zuwa ta ga kifi. Duk ranar a wurin matan masunta ta wuni tana koyon gyaran kifi. Babbar ta bi Baba suka zagaya gona yana gaya mata sunayen ciyayi da wanda shanu ke so da wanda ke kumbura musu ciki. Autar ta faɗa cikin taɓo sau biyu. Matata ta shimfiɗa tabarma a inuwar mota ta yi barcin da ta ce rabonta da irinsa tun kafin ta fara aikin asibiti. Mun tsinko wa Hajiya kanya cike da leda, ko da yake rabinta bai kai gari ba.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Mukan fita sau uku ko huɗu a shekara, in hanya ta yi kyau kuma mai gari ya ce mu zo. A cikin gari har gobe ina cire takalmi a bakin zauren Baba, ina durƙusawa, kuma in an kawo ruwa ba na sha. Bambancin kawai, bayan ya tambayi yara sai ya tambayi mota, kuma amsar takan kai mu awa guda. Idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi, amma kujerar gaba tasa ce.

Wadda ta daɗe tana ƙin binmu ita ce Inna, mahaifiyar matata. Ta ce ta yi shekara talatin tana jiran mutum ɗaya ya dawo daga daji, ba ta ga abin da za ta je nema a can ba. A fitarmu ta bara jikokinta suka matsa mata har ta yarda. Ta zo da matashinta da rediyonta da kwanon gyaɗa. Da muka isa ta ƙi saukowa. Ta sa aka buɗe mata ƙofofin baya duka biyu, ta miƙe ƙafa a kan kujera, iska tana ratsawa, tana ɓare gyaɗa tana kallon ruwa. Salla kawai ke sauko da ita. Da yamma na je na durƙusa a gefen motar na tambaye ta yadda ta ga wurin.

Ta ce, "Babu laifi. In za ku dawo ku gaya mini da wuri, in yi mana dambu."